Ƙarin kati, tarin sabobi ko kawo ƙofar data Kano: wanne zai ɗauke cunkoson masu waya?

Wanda ke lura da jadawalin lodi a ɗakin injinan sadarwa a Kano ya san lokutan da layin ke miƙewa sama: daga bayan sallar isha'i zuwa wajen sha ɗayan dare, da dararen azumi tun daga tafsiri har sahur, da ranar hawan Daushe, lokacin da dubban jama'a a Ƙofar Kudu ke ɗora bidiyo a lokaci guda. A irin wannan lokaci ne mai waya ke cewa sabis a cike yake amma data ba ta motsi. Wani sa'in laifin na ƙarfen sabis ne, wani sa'in na faibar da ta taso daga gare shi, wani sa'in kuma na ƙofar da datar duk masu layi ke bi kafin ta fita intanet. Wannan ƙofa ita ce GGSN a 3G, SGW da PGW a 4G, UPF a 5G, kuma a kanta za mu tsaya. Ko 5G ɗin da ya jingina da cibiyar 4G, wato NSA, ta ƙofar 4G datarsa ke wucewa, saboda haka kowane sabon ƙarfen 5G ƙarin nauyi ne a kan tsohon inji. Kano na cikin biranen da MTN ya fara 5G a 2022, kuma tun 2023 da hukumar sadarwa ta NCC ta fara ba da lasisin MVNO, wato na sayar da layi a kan netwok ɗin wani kamfani, akwai ƙananan kamfanonin da su ma wannan shawara ke gabansu.

Idan ƙofa ta cika, hanyoyin haɗa ƙarfi huɗu ne: a ƙara katuna a cikin babban akwatin da ake da shi, a jera sabobi, wato manyan kwamfutoci, su yi aiki tare, a sa wa sabobin katin netwok mai ɗauke musu dako, ko a raba ƙofar gida biyu a kawo ɓangaren dakon data Kano. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne injina biyu ba sa ba da ninkin ƙarfi sai rabon kaya tsakaninsu ya daidaita, kuma yawancin kuɗin da ke salwanta a wannan aiki a wajen rabon nan yake salwanta.

Mene ne ya cika?

Ƙofar data tana da iyaka uku, kuma ba lokaci ɗaya suke cika ba. Akwai yawan bit a sakan, wanda shi ne dillali ke rubutawa da manyan haruffa. Akwai yawan fakiti a sakan, wato ƙananan ƙunshin da ake yanka data a cikinsu kafin a tura. Akwai kuma yawan zaman data, wato haɗin da kowace waya ke buɗewa da ƙofa, da injin zai riƙe, tare da saurin buɗe sababbi.

Furosesa fakiti yake ƙirgawa. Aikin da zai yi a kan fakiti mai bayit 64 kusan ɗaya ne da wanda zai yi a kan mai bayit 1,400: ya buɗe goshinsa, ya nemo mai shi a jadawali, ya ƙirga masa kuɗi, ya tura. Layin gigabit 10 da aka cika da mafi ƙanƙantar fakiti yana kawo miliyan 14.88 a sakan, wato fakiti ɗaya duk nanosakan 67. Ƙwayar furosesa mai gudun gigahaz 2.5 bugu 168 kacal take da shi a wannan taƙi, kuma zuwa memori sau ɗaya don ɗauko abin da ba ya kusa zai iya cinye su duka.

Ga misalin lissafi, ku sa naku alƙaluman a ciki. A ce zama 500,000 ne ke aiki a sa'ar cunkoso, kowanne na jan kilobit 200 a sakan. Jimla gigabit 100 ke nan. In matsakaicin fakiti bayit 700 ne, injin zai sarrafa kusan miliyan 18 a sakan. In ya sauko bayit 300, adadin ya haura miliyan 41, alhali gigabit ɗin bai canza ba. Bidiyon TikTok da YouTube manyan fakitoci ne. Na'urorin POS da suka cika Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, da kiran murya na WhatsApp, da tambayoyin DNS na neman adireshin shafi, duk ƙanana ne. Kafin a nemi farashi a wajen kowa, a ɗauki awon girman fakiti na mako guda daga injin da ke aiki yanzu, a ware na rana da na dare. In kuwa abin da ya cika saƙonnin umarni ne, wato buɗewa da rufe zama, to ko kati nawa aka ƙara na dakon data ba za a ga sauƙi ba.

Inda rabo ke karkacewa

Datar mai waya tana tafiya ne a cikin bututun GTP-U daga ƙarfen sabis zuwa ƙofa. Ana lulluɓe fakitinsa da sabon goshin IP mai bayit 20, da na UDP mai 8, da na GTP mai aƙalla 8. Suwic ko rauta da ke tsakani tana raba kaya a kan layuka ne ta hanyar wani lissafi da take yi da adireshin mai aikawa, da na mai karɓa, da lambobin fot. To a GTP-U lambar fot ɗin mai karɓa kullum 2152 ce, injina da yawa kuma 2152 ɗin suke sawa a ta mai aikawa, ko da yake ƙa'idar 3GPP, mai tsara fasahar sadarwar waya, ta yarda a riƙa sauya ta. Sakamakon haka, datar mutum dubu da ta taso daga adireshi ɗaya zuwa adireshi ɗaya, a idon suwic kwarara ɗaya ce, kuma layi ɗaya za ta bi. Kamar a buɗe ƙofofi huɗu a ganuwa ne amma mai ba da hannu ya riƙa tura kowace mota Ƙofar Nassarawa.

Abin bai cika muni ba a tsakanin ƙarafan sabis da ƙofa, tunda ƙarafan suna da yawa kuma kowanne da adireshinsa. Inda yake tsanani shi ne tsakanin SGW da PGW, ko tsakanin UPF biyu, inda adireshi biyu ko huɗu ne ke ɗauke da komai. Haka nan in an rufe bututun da IPsec, domin suwic ba ta ganin ko lambar fot. Alamarsa a jadawali ba ta ɓuya: a haɗakar layi huɗu masu gigabit 10, ɗaya yana kashi 95 yana zubar da fakiti, ukun suna kashi 20, jimla kuma tana nuna akwai sauran wuri.

Gyaran bai kai kuɗin kati ɗaya ba. A kunna wa suwic lissafin rabo da lambar TEID, wato lambar shaidar kowane bututu, ko da adireshin ciki na mai waya, in kwakwalwarta ta iya. In ba ta iya ba, a ba ƙofar adireshi takwas ko sha shida a maimakon ɗaya, ko a sa ta riƙa sauya fot ɗin aikawa. In suwic hawa biyu ne a jere, a bambanta musu lambar da lissafin ke farawa da ita, domin in iri ɗaya ce, abin da na sama ya tura dama na ƙasa ma dama zai sake tura shi, rabin layuka su zauna babu aiki. A LACP, tsarin da ke haɗa layuka su yi aiki kamar ɗaya, a zaɓi gajeren lokaci, wanda ke gano mutuwar layi cikin sakan 3, domin dogon yana kai sakan 90. Wanda yake so ya fi haka sauri ya sa BFD, tsarin gano yankewa nan take, a kan kowane layi na haɗakar. Sannan a sa mafi ƙarancin layukan da haɗakar za ta ci gaba da aiki da su, don kada layi ɗaya da ya rage ya yi ta haɗiyar kayan huɗu. Kuma in da hali, layi ɗaya mai gigabit 100 ya fi goma masu gigabit 10 kwanciyar hankali, tunda babu rabon da zai karkace.

Kada a manta da bayit 36 ɗin nan na lulluɓi. Fakiti mai 1,500 ya zama 1,536, a 5G ma ya ɗan fi haka saboda ƙarin goshi. In akwai suwic ɗaya tak a hanya da aka bar MTU ɗinta, wato iyakar girman fakitin da take ɗauka, a 1,500, za a riƙa sara fakiti biyu, ƙofa kuma ta riƙa ɓata ƙarfinta wajen haɗa su, guntun na biyu ma ba shi da lambar fot ballantana TEID, sai ya bi wani layin daban. A ɗaga MTU na duk hanyar zuwa 1,600 ko sama, a kuma rage MSS, iyakar datar da ake cusawa a fakiti ɗaya, a ƙofa.

Ƙara kati a babban akwati

Wannan ita ce tsohuwar hanya, ta injina irin su ASR 5500 na Cisco, da UGW9811 na Huawei, da 7750 na Nokia, da EPG na Ericsson a kan SSR 8000. Akwati ɗaya ne mai gurabu, da katunan shiga da fita, da katunan sarrafa fakiti, da allon baya da ke haɗa su. Daɗinta shi ne rabon kaya aikin injin ne da kansa: ka soka kati, ka shigar da lasisi, sababbin zama su fara sauka a kansa, adireshi bai canza ba, maƙwabtan injina ba su ma san an yi wani abu ba. Katin jiran ko-ta-kwana yana karɓar zaman wanda ya mutu ba tare da wayoyi sun yanke ba. Wutar DC mai bolt 48 yake ci, wadda ɗakin sadarwa ke da ita tare da batiranta.

Matsalolinta kuma sanannu ne. Gurabu suna ƙarewa. Tun kafin su ƙare, allon baya ko katunan shiga da fita na iya cika, sai sabon katin ya zauna rabin aiki. Haɗa sabon samfurin kati da tsoho a akwati ɗaya ba kullum manhaja ke yarda ba, inda ta yarda ma akan sami mai ƙarfin yana tafiya da takun mai rauni. Lasisi da dala ake biya, bisa yawan zama ko gigabit, har ya iya fin katin tsada. Kayan gyara daga kamfani ɗaya suke zuwa, in babu na ajiya a Kano sai an jira na Legas ko na ƙasar waje. Babban abin dubawa shi ne ranar da kamfanin zai daina tallafa wa samfurin. In saura shekara biyu, sayen kati zuba kuɗi ne a abin da za a kwance. Sannan komai yawan katuna, akwati ɗaya ne a ɗaki ɗaya: in sanyi ya ɗauke, duka suke mutuwa tare.

Jera sabobi

A nan ana ɗora manhajar ƙofa a kan sabobi na gama-gari, da DPDK ko makamancinsa, wanda ke ɗauko fakiti kai tsaye daga katin netwok ba tare da bi ta cikin Linux ba. Wannan ce hanyar da 5G ya ginu a kai, kuma ita muka fi karkata gare ta, amma ita ce ta fi neman injiniyan da ya san cikin saba.

Tambaya ta farko ita ce wa zai raba kaya. Datar da ke hawa daga waya da lambar TEID ake gane mai ita, wadda ke saukowa daga intanet kuma da adireshin IP na wayar. Dole su biyun su haɗu a saba ɗaya, domin a can lissafin kuɗinsa da iyakar gudunsa suke. Tsari na farko shi ne duk sabobin su ɓuya a bayan adireshi ɗaya, a sa mai rabo a gaba. Yana da sauƙi ga sauran netwok, amma mai rabon kansa na iya zama maƙogwaro, fakitin da ya sauka a sabar da ba tasa ba kuma sai an sake tura shi, ya ci layi sau biyu. In rabon da lissafin suwic ake yi, a tabbatar irin wanda ba ya wargajewa ne in saba ɗaya ta fita, domin lissafi na yau da kullum yana sauya wa yawancin kwarara mazauni da zarar adadin sabobi ya canza. Tsari na biyu shi ne kowace saba ta sami adireshinta da rukunin adireshin wayoyinta, ta sanar da shi ta BGP, hanyar da rautoci ke gaya wa juna inda adireshi yake, ɓangaren umarni kuma ya zaɓa wa kowane sabon zama sabar da zai sauka. Wannan ya fi tsabta, ya fi sauƙin bincike in matsala ta taso, kuma shi muke ba da shawara.

Cikin sabar ma akwai tarkuna. Katin da ke da kafa biyu masu gigabit 100 in aka soka shi a gurbin PCIe 3.0 mai layi 16, abin da gurbin ke ɗauka bai wuce kusan gigabit 126 ba, sai an sami PCIe 4.0 kafin kafofin biyu su cika. Saba mai furosesa biyu kowanne da memorinsa da gurabunsa. In kati na gefen furosesa na farko ne amma aka ɗaure aikin a ƙwayoyin na biyu, kowane fakiti sai ya tsallaka gadar da ke tsakaninsu, gudu ya faɗi ba tare da wata fitila ta yi ja ba. A keɓe ƙwayoyin dako kada Linux ya ɗora musu wani aiki, a ware manyan shafukan memori masu gigabayit 1, a kashe tsarin tsimin wuta a BIOS. Matsalar rabon nan ma tana sake dawowa a cikin katin: in bai iya leƙa cikin GTP ba, zai jibge fakitoci a kan ƙwayoyi biyu ko uku sauran suna zaune. Katunan Intel na jerin 700 da E810 sai an ɗora musu ƙunshin manhajar DDP na sadarwa kafin su iya wannan rabo. A layin gigabit 25 da na 100 kuma, in layi ya ƙi tashi tsakanin saba da suwic, a fara duba ko tsarin gyaran kuskure, wato FEC, na ɓangarorin biyu ya dace kafin a zargi igiya.

Sabobi nawa? A koma misalin gigabit 100. A ce gwajinku ya nuna saba ɗaya na ɗaukar 40 da duk ayyuka a kunne. Ba a so ta wuce kashi 70, wato 28. Huɗu ke nan, da ta biyar domin ranar da ɗaya za ta faɗi. Wanda ya jera biyu kacal, kowacce ba za ta wuce rabin ƙarfinta ba, wato ya sayi biyu yana cin moriyar ɗaya. Shi ya sa ƙananan sabobi biyar ko shida suka fi manya biyu riba.

Faɗuwar saba tana da wani ciwo da ba a cika lissafawa ba. In ba a kwafe bayanan zama zuwa wata ba, wayoyi 100,000 za su yanke su nemi dawowa cikin 'yan sakanni. A Najeriya kusan kowa kafin-alƙalami yake biya, saboda haka kowane zama sai an tambayi injin caji nawa ya rage masa. Wannan turmutsutsu na iya durƙusar da MME mai karɓar shigar wayoyi, da HSS mai ajiye bayanan masu layi, da injin cajin, har waɗanda sabarsu lafiya lau su ma su kasa shiga. Ko dai a biya kuɗin kwafe zama, ko a sa wa ɓangaren umarni takunkumin yawan masu dawowa a sakan. Barin duka biyun ganganci ne.

Sai wuta da zafi, waɗanda a Kano su ne rabin shawarar. DPDK yana sa ƙwayoyinsa su yi ta zagaye a kashi 100 ko da ƙarfe ukun dare babu kowa a layi, don haka cin wutar bai cika sauka sosai ba. Sabobi biyar masu wat 700 kilowat 3.5 ne, zafin da ya yi daidai da duk ƙarfin esi mai doki ɗaya da rabi, kuma esin gida ba a yi shi don aikin dare da rana ba. A yini kilowat-awa 84 ne, ban da na sanyaya. Janareta kan ba da kusan 3 a kowace litar dizal, wato wajen lita 28 in wutar KEDCO ba ta zo ba sam. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, iskar da ke shiga saba ana son ta tsaya tsakanin 18 da 27, in ta wuce sosai furosesa zai rage gudunsa da kansa, a ga fakiti na zuba da tsakar rana babu dalili a jadawalin lodi. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe matatun iska, tana hawa bakin faiba. Duk kan faibar da aka zare a goge shi kafin a mayar, wanda ba a amfani da shi a rufe shi da hularsa. A sayi sabobi masu cin wutar DC in ɗakin na sadarwa ne, don kada a ƙara inbata a tsakani.

Kati mai ɗauke wa furosesa dako

ConnectX da BlueField na NVIDIA, da katunan FPGA, da OCTEON na Marvell, duk suna iya kwance lulluɓin GTP, su ƙirga, su tura fakiti ba tare da ya taɓa furosesa ba. Inda suke haskakawa shi ne doguwar kwarara mai nauyi kamar bidiyo: fakitocin farko su bi ta furosesa, a gane kwararar, a rubuta wa kati doka, sauran dubbai su wuce ta cikinsa. Saba ɗaya sai ta yi aikin da dā sai an tara mata 'yan'uwa, wuta da wurin rak su ragu.

Amma jadawalin dokoki na kati yana da iyaka, saurin rubuta sababbi ma haka. Cinikin POS ko saƙon WhatsApp yakan ƙare kafin dokarsa ta yi wani amfani. Ƙirgen da kati ke yi dole ya riƙa komawa wajen manhaja a kan lokaci, in ba haka ba mai layi zai ci fiye da datar da ya saya, ko lissafi ya saɓa a yi ta ƙorafi. Sannan manhajar ƙofa da manhajar cikin kati da direbansa dole su dace, sabunta ɗaya na iya karya sauran, ka dawo hannun dillali ɗaya da ka gudu daga gare shi. Mu a ganinmu wannan mataki na biyu ne. Wanda rak ɗinsa ya cika ko wutarsa ta kai iyaka, kuma awonsa ya nuna bidiyo ne ya rinjaya, ya dace da shi. Wanda ke farawa ya fara da katin da ya iya rabon GTP kawai.

A bar ƙofa a kudu ko a kawo ta Kano?

Tun Release 14 na 3GPP, a 2017, aka raba ƙofar 4G gida biyu, ɓangaren umarni da ɓangaren dako, suna magana da PFCP a fot 8805. A 5G haka aka haife ta, SMF na umarni da UPF na dako. Ma'ana ana iya barin umarni a Legas ko Abuja a kawo dako Kano.

Ribar a bayyane take. Tsakanin Kano da Legas kusan kilomita 1,000 ne, haske kuma na cin milisakan 5 a kowane kilomita 1,000 na faiba, wato 10 zuwa da dawowa a mafi ƙaranci, hanyar gaske kuma ta fi haka saboda kewaye da injinan da ke tsakani. Wanda ke Fagge yana kiran bidiyo da na Gwale, in ƙofarsu tana kudu, datarsu sai ta je can ta dawo. Ga kuɗin hayar layi, ga yankewar faiba duk inda ake aikin titi ko haƙar magudanar ruwa.

Sai dai UPF kaɗai ba ya rage ko gigabit ɗaya a layin kudu in abin da mutane ke kallo yana can. Igiyoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 da WACS da Equiano a Legas suka sauka. Ribar tana zuwa ne in an kawo rumbunan ajiyar bidiyo na Google da Meta da Netflix kusa da ƙofar, aka kuma haɗa da mahaɗar IXPN ta Kano. Dole DNS ya biyo, da tsarin sauraron sadarwa na hukuma da dokar NCC ta 2019 ta wajabta, da CGNAT mai sa masu layi da yawa su raba adireshin IP ɗaya. Na ƙarshen nan yana da lissafinsa: adireshin IPv4 ɗaya yana da fot 64,512 masu amfani, in an ba kowane mai layi 512, mutum 126 ke nan a adireshi, zama 500,000 kuma sai kusan adireshi 4,000. Tun Janairun 2020 AFRINIC, mai rabon adireshin intanet a Afirka, ba ta ba da fiye da 1,024 a buƙata ɗaya. Duk wanda zai kafa sabuwar ƙofa ya kunna IPv6 tun ranar farko, domin manyan masu bidiyon nan suna kansa, kuma duk abin da ya bi ta IPv6 bai taɓa CGNAT ba.

Ba komai ne ya cancanci a sauke a Kano ba. Cinikin POS wajen bankuna da masu sasanta biyan kuɗi zai nufa, su kuma yawancinsu a Legas suke, don haka APN ɗinsu, wato sunan mashigar da layinsu ke bi, zai iya zama a tsohuwar ƙofa, wadda dama ta ƙware a riƙe zama masu yawa marasa nauyi. A kawo APN na intanet na gama-gari. A kuma tuna cewa a 4G zama yana manne da ƙofar da ya fara da ita: direban da ya tashi daga Unguwa Uku zuwa Abuja datarsa za ta ci gaba da dawowa Kano har sai wayar ta sake shiga. Layin umarni zuwa kudu kuma ya zama ta hanyoyi biyu da ba su haɗa rami ɗaya ba, domin in ya yanke babu mai buɗe sabon zama, ko da sabobin Kano lafiyarsu ƙalau.

Wa ya dace da wanne

Mai akwatin da ke da gurabu, da sauran tallafi na shekara huɗu ko biyar, kuma yana neman ƙarin kashi 30 zuwa 40 kafin azumi mai zuwa, ya sayi kati, babu abin da ya fi shi sauri. Mai ganin lodinsa zai ninka, ko yana shirin 5G mai cin gashin kansa, ya jera sabobi, ya jera su a Kano tare da rumbunan bidiyo, ya bar tsohon akwati ya riƙe 3G da POS da layukan kamfanoni. Sabon MVNO ya fara da ƙananan sabobi uku a ɗakin haya mai tsayayyar wuta, kada ya gina nasa ɗakin.

Ko wanne aka zaɓa, kada a sa hannu a kan alƙaluman takardar dillali. Yawanci da manyan fakitoci aka auna su, caji a kashe, binciken cikin fakiti a kashe. A sa a cikin yarjejeniya cewa gwajin karɓa da girman fakitinku za a yi, da yawan zamanku, da caji da CGNAT da iyakance gudu duk a kunne. Ana cikin cikakken lodi a zare kati ko a kashe saba, a ƙirga zama nawa suka yanke da sakan nawa aka ɗauka kafin su dawo. A zare faiba ɗaya daga haɗaka a ga yadda sauran suka raba. A bar shi yana gudu kwana uku a ga ko memori na tsiyaya. Wajen ƙaura kuma a bi yanki-yanki ta lambar TAC da ke ware rukunin ƙarafan sabis, a fara da unguwannin gefen gari masu sauƙin lodi, tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na dare, a bar tsohuwar hanya a buɗe mako biyu don komawa. A azumi wannan taƙin ba ya nan, domin lokacin ne ake tahajjud da shirin sahur waya na hannu, saboda haka a kammala ƙaura kafin Sha'aban ya ƙare ko a ɗage ta sai bayan sallah.